Ki Bari Ta Nuna

Mutumin da ya tare ni a filin jirgin sama na Chennai yana riƙe da kwali mai sunana, amma an rubuta sunan a karkace, har sai da na wuce shi sau biyu kafin na gane ni yake nema. Mista Rajan ke nan, dillalin da ya shirya mini karatun ta waya. Ya karɓi jakata, ya karɓi fasfona ya ce zai kai rajista, ya yi ta murmushi kamar mun taɓa cin abinci a kwano ɗaya. Ni kuwa na biyo shi ina ta baza babbar riga cikin zafin da ko a Kano ban taɓa jin irinsa ba, zafi mai danshi da yake manne wa mutum riga a baya.

Ni ma'aikacin jinya ne a ɓangaren ido na wani ƙaramin asibiti a yankin Gezawa. Amma a ƙauyenmu Likita ake ce mini, kuma ban taɓa gyara wa kowa ba, don sunan yana yi mini daɗi. Abin da ya kawo ni Indiya wata na'ura ce. A wurinmu idan an cire wa mutum yanar ido, ana dasa masa ɗan gilashin roba a madadinta, to amma lamba ɗaya ake sa wa kowa, don ba mu da abin awo. Kamar dai a raba wa mutanen gari takalmi lamba ɗaya ne. Wani ya dace ya gani garau, wani kuwa ya koma gida yana gani dishi-dishi yana godiya a haka. Na ji an fito da 'yar ƙaramar na'ura mai batir, wadda take auna ido ta faɗi lambar gilashin da ya dace da shi. Ita na zo koyo, na wata uku.

Akwai kuma abin da na baro a gida. Sati biyu kafin tafiyata, ƙanwata Rabi ta ce mini Inna ta fara zuba gishiri a madadin kanwa. Na ɗauko tocila na haska idonta. Yana ce a duka biyun, ta dama ta fi yawa. Da na so, a satin nan ma likitar tiyatarmu za ta iya yi mata. Rabi ta ce, "Yaya, a kai ta ne?"

Na ce, "Ba ta nuna ba tukuna. Inna, ki bari ta nuna, kafin nan na dawo."

Haka tsofaffin ma'aikata suke faɗa tun muna ɗalibai, kuma haka kowa ya sani a karkara, wai yana sai ta nuna ake cire ta. Amma ni ba don haka na faɗa ba. Ina so a yi mata da awo, ina so ya zama ni na auna, a ce ɗanta ne ya kawo abin daga ƙasar waje. Kuma in faɗi gaskiya, ba na so jinya ta ɗaga mini tafiya. Ni ne ɗan Inna na fari, ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, ba ta taɓa roƙona ko allura ba. Ta gyara ɗankwali ta ce wa Rabi, "Kin dai ji abin da ya ce."

Makarantar Mista Rajan ɗaki guda ce a saman wani shagon tabarau. Mu biyar ne, ni kaɗai ne baƙar fata. Na'urar tana nan a kan tebur an lulluɓe ta da leda. Kullum wani mutum mai ƙaton ciki zai zo ya karanta mana takarda da Turancin da ba na kama ko rabinsa, ya nuna na'urar da biro, ya tafi. Idan na ce yaushe za a kunna, sai Mista Rajan ya kaɗa kai gefe da gefe. A satin farko na ɗauka a'a yake nufi, na yi ta jin haushi. Daga baya aka ce mini a ƙasar kaɗa kai irin wannan na'am ne, sai na yi ta murna. Ashe shi nasa ba a'a ba ne ba kuma na'am ba, kaɗa kai ne kawai. Sati uku ina wurin, ranar da na ɗaga ledar da kaina na tarar ko waya babu a jikin na'urar.

Masaukin da ya ba ni wani lungu ne a bayan wurin soya kifi. Abinci kuwa shinkafa safe, shinkafa rana, shinkafa yamma, da wata miya mai tsami da ruwa-ruwa. Na yi kewar tuwon dawa har na riƙa jin ƙamshin miyar kuka a hancina ina cikin salla. Yara a titi suna bina suna taɓa hannuna su duba yatsunsu. Duk ranar Juma'a nakan kira gida. Rabi ce take ɗauka, ta miƙa wa Inna.

"Inna, ina wuni. Ya idon?"

"Da sauƙi."

"Kina sa maganin?"

"Ana sawa. Allah ya yi albarka." Sai ta mayar wa Rabi da wayar.

Wanda ya fitar da ni daga hannun Rajan ladanin masallacin unguwar ne, wani tsoho siriri mai jan gemu, ana kiransa Baba Kadar. Ba ya jin Turanci, ni ba na jin yarensu, da guntun Larabcin allo muka yi ta lallaɓawa. Ya lura ina daɗewa a masallaci bayan la'asar, ina zaune kawai. Da ya gane abin da ake ciki, ya tashi ya ɗauki sandarsa, ya kira wasu mahauta biyu daga kasuwa, muka nufi shagon tabarau. Ban san abin da suka faɗa ba. Na dai ga Mista Rajan ya buɗe durowa ya fito da fasfona yana kaɗa kai. Abin da na biya kuwa ya tafi ke nan. Baba Kadar ya rubuta mini sunan wani gari a bayan takardar magani, ya nuna idonsa na hagu, ya nuna takardar. A can aka yi masa nasa aikin. Ya raka ni har tashar jirgin ƙasa, ya cusa mini ayaba da dafaffen ƙwai a aljihu. Ban ƙara ganinsa ba, amma har yau yana cikin addu'ata.

Garin yana can kudu, tafiyar yini guda. Asibitin ido ne na taimakon talakawa, kuma ban taɓa ganin mutane masu bandeji a ido da yawa haka wuri ɗaya ba. Suka ce ba su san da zuwana ba, ba ni cikin jerin ɗalibai. Na zauna a bencin ƙofar ofis kwana huɗu ina zuwa ina komawa. A rana ta biyar wata mata gajera mai furfura ta tsaya a kaina ta ce, "Kai ne ɗan Afirkan da ya ƙi tafiya?" Madam Selvi ke nan, shugabar masu awon ido. Ta ce ba ta da gurbin ɗalibi, amma tana da gurbin mai wanke kayan aiki. Ni da ake kira Likita a gida, na yi wata guda ina wanke almakashi da faranti. Na ji zafin abin ƙwarai, kuma na san ya yi mini daidai.

Bayan wata guda ta fara koya mini. Na'urar ba ta fi rediyon hannu girma ba, tana da ɗan tsinke kamar biro. A ɗiga maganin kashe zafi, mutum ya kalli gaba, a taɓa tsinken a tsakiyar ido a hankali, sai ta yi ƙara ta nuna tsawon idon. Idan ka danna da ƙarfi ko da kaɗan ne, lamba ta ɓaci, mutum ya tafi da gilashin da ba nasa ba har ƙarshen ransa. Madam Selvi takan bugi bayan hannuna da biro ta ce, "Ido ne, ba kararrawar ƙofa ba." Mace ce mai faɗa, ba ta yabo. Amma ita ce ta lura ba na cin abincin rana, ta riƙa zuwa mini da wata waina ta gero daga gidanta, ta ajiye a gefen teburina.

Wata rana tana nuna mini wata na'ura, wadda take farfasa yana ta tsotse ta ta ɗan ƙaramin yanka, sai na ga an kwantar da wani mutum da yanarsa ba ta kai ta Inna ba. Na ce, "Madam, wannan ai ba ta nuna ba."

Ta juyo ta dube ni ta saman tabarau. "Mangwaro ce? Wa ya koya maka wannan? Maganar zamanin da ce, lokacin da sai an tsaga rabin ido. Yanzu da zarar ta hana mutum aikinsa, a cire. Idan aka bar ta ta daɗe, tauri take yi, wani lokaci ta kumbura ta toshe hanyar ruwan ido. Idan haka ta faru, jijiya ce take mutuwa, kuma ba a dasa jijiya."

Na ji kowace kalma. Juma'a ta zo, na kira gida, na ce ya idon, aka ce da sauƙi, na ce madalla. Ban ce a kai ta asibiti ba. Na ce a raina saura sati shida, me zai faru a sati shida? Gaskiyar ita ce kunya nake ji in ce wa Rabi maganar da na faɗa ba daidai ba ce. Kuma ni Bahaushe ne, ma'aikacin asibiti, na fi kowa sanin cewa ko mutum yana kan gargara aka ce masa ya jiki, da sauƙi zai ce. Na sha yi wa ɗalibai faɗa a kan kada su yarda da wannan kalmar. Na yarda da ita daga bakin uwata saboda ta yi mini daidai.

Da sati shidan suka cika, asibitin ya ce in ina so in tsaya in koyi gyaran na'urar, don in ta lalace a ƙauye ba mai gyara mini. Dalili ne mai kyau, kuma na riƙe shi hannu biyu. Aka sabunta mini biza. Damina ta faɗi a gida, Rabi tana ba ni labarin an yi shuka, an yi noman fari, gero ya kai gwiwa. Cikin haka ta ce mini wasu likitoci sun zo daga birni suna aikin yana kyauta a Gezawa, mota ta zo har ƙofar mai unguwa.

"Na ce Inna ta shirya, ta ƙi. Wai kai ka ce a bari."

Nan ne Allah ya ba ni ƙofa a buɗe. Kalma ɗaya ta isa. Sai na ji bakina yana cewa, "Ƙyale ta. Su ai ba sa awo. Na kusa dawowa."

Daga nan aka fara fita da ni ƙauyuka. Mukan loda kaya a mota mu tafi makarantar firamare, mu jera tsofaffi a benci, in yi ta awo har hannuna ya sage. Ƙauyukan suna kama da namu ta wani fannin, gona a manne da gona, awaki a ɗaure, tsofaffi masu tabon lauje a yatsu. Washegari a cire musu bandeji, ka ga tsohuwa ta kama fuskar jikanta tana dubawa. Ina jin daɗin aikin, har na fara jin kaina wani abu.

A irin wannan fitar aka kawo wata tsohuwa a bayan keke. Ta ɗaure kanta tamau da tsumma, idonta ɗaya ja wur, tsakiyarsa fari fat. 'Yarta ta ce kwanaki ta yi ta amai, ta yi ta kukan kai, amma yanzu ciwon ya lafa. Madam Selvi ta haska tocila ta ce mata daga ina haske yake zuwa. Tsohuwar ta kasa nunawa. Madam ta kashe tocilar ta ce mini a hankali, "Wannan ya tafi. Da sun zo wancan watan." Sai ta kira na gaba.

Ban jira Juma'a ba. Na fita bayan ajin, na tsaya a gindin wata bishiyar tsamiya na kira Rabi. Wannan karon ban ce ya idon ba.

"Rabi, Inna tana ciwon kai?"

"Wa ya gaya maka?"

"Tambayarki nake."

"Ta ce kar a faɗa maka, kana karatu. Tun wancan watan ne. Kwana uku tana amai, muka ce ko zazzaɓi ne, aka sayo mata magani. Ta riƙa ɗaure kai da ɗankwali biyu. Amma wallahi Yaya yanzu ya daina, har ta koma cin abinci."

"Idon dama ya yi ja?"

"Ya yi. Ita ta ce ai nunar ce ta zo."

Na zauna a ƙasa. Na ce gobe da sassafe a kai ta birni. Rabi ta je ta dawo ta ce Inna ta ce ta jira wata tara, ba za ta kasa jiran sauran ba. Na ce a ba ta wayar. Na ce, "Inna, don Allah ki je." Ta ce, "Da sauƙi fa," ta miƙa wayar.

Madam Selvi ta same ni a wurin. Na gaya mata komai, har da maganar motar da ta zo ƙofar mai unguwa. Na so ta zage ni, da na ji sanyi. Ba ta zage ni ba, ba ta kuma ce ba laifina ba ne. Ta ce, "Ido nawa gare ta?" Na ce biyu. Ta ce, "To me kake yi a nan?" Cikin kwana shida ta bi ofis-ofis ta fitar mini da takarduna da na'urar da asibitinmu ya yi oda. Ranar da zan tafi ta ba ni wani ɗan kwali, gilasan dasawa ne a ciki masu lamba daban-daban. Ta ce, "Na mahaifiyarka yana ciki. Ka auna kafin ka zaɓa, kuma kada ka danna."

Na iso gida gero ya fitar da kai. Mutane suka cika zaure ana Likita ya dawo, Likita ya dawo, kowane kira kamar ana mari na. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta, ta rame, hannunta ɗaya a kan bango. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "An dawo lafiya? Ku kawo masa ruwa."

Washegari a asibiti na rufe wa Inna idon hagu, na haska na dama. Na ce daga ina haske yake. Ta ce, "Ka kunna tukuna." Tocilar kuwa a kunne take. Likitarmu ta duba ta sake dubawa, ta dube ni. Na hagu yana da rai. Na ɗiga magani na ce, "Inna, ki kalli nan, saitin fuskata." Ta ɗan yi nauyi kafin ta ɗago. Sai da na ajiye tsinken na yi bisimilla na sake ɗauka. Na auna sau biyar, lamba ɗaya take fitowa, kuma tana cikin kwalin Madam Selvi.

Aikin ya yi kyau. Da aka cire bandeji ta karanta allon gwajin ido har layin da ni kaina sai na ƙanƙance ido nake gani. Likita ta ce ba ta taɓa samun sakamako irin wannan ba a asibitin. Kowa yana yi mini barka, ni kuwa ɗaya idon nake kallo.

Sai da aka yi sati biyu na iya yi mata maganar. Da hantsi ne, tana zaune a tabarma tana tsince wake, abin da ta shekara ba ta yi ba. Na zauna nesa kaɗan na ce, "Inna, ina da magana. Cewar da na yi ki bari ta nuna, ba gaskiya ba ce. Tun a lokacin ana iya yi miki. Kuma a can na sami labarin haɗarin, na yi shiru. Ni na jawo miki idon nan. Ki yafe mini."

Hannunta ya tsaya a cikin faifan. Na zaci za ta ce haka Allah ya rubuta, na ma shirya jin haka.

Ta ce, "Wato ba a jira?"

"Ba a jira, Inna."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Ta ture faifan gefe. "Iya Tabawa tana jira. Malam Ɗanjuma na bakin rijiya yana jira. Da matar mai unguwa, da Gwaggo Hansai. Ranar da motar nan ta zo, har sun sa takalmi, ni na bi su gida-gida na ce su zauna, ka ce sai ta nuna."

Na kasa ɗaga kai. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta ƙwala wa Rabi kira ta miƙo mata mayafi.

Na ce, "Inna, ki zauna, idonki bai gama warkewa ba. Ni zan je."

"Kai ka faɗa wa mutum ɗaya. Ni na faɗa wa huɗu." Ta yafa mayafin ta nufi zaure, ba ta dafa bango ba. A bakin ƙofa ta tsaya ba tare da ta juyo ba ta ce, "Ɗauko abin awon naka. Gidan Hansai za mu fara, jiya na ji an ce tana ciwon kai."